Lissafin da Ake Farawa Daga Dama

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gaishe ku, ku da kuka riƙe waya kuna jiran Hadiyya ta buɗe baki. Yau sai kun yi haƙuri da ni, don akwai lissafi a cikin zancen. Na san wasunku daga jin sunansa sun fara laluben hanyar fita. Ku zauna. Ni ma ba don daɗinsa na kawo shi ba, sai don a cikinsa na ga abin da aka kasa gaya min da baki.

Shekarar dubu biyu da huɗu ce, ina aji biyu a kwalejin horar da malamai, sashen lissafi. Gidanmu yana Takur, cikin Dutse. Mahaifina, wanda mutanen gari ke kira Modibbo mu kuma muke ce masa Baffa, ya dawo da mu nan tun da aka ƙirƙiri jiha, yana aiki a sashen kula da dabbobi. Mutum ne da har gobe in ya ji kukan saniya sai ya waiwaya. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ya kafa tasa dokar a gida: babu zance a waje, babu zance bayan magariba. Mai son 'yarsa ya zo da la'asar, ya zauna a zaure ƙofa a buɗe, kakata Iya tana gefe a kan buzu da carbinta.

Samari da yawa wannan dokar ta kora. Mu'az ne kaɗai ta kasa kora.

Malamin lissafi ne a wata sakandare a Jahun. Dogo ne siriri, mai sanyin murya, kullum da farin alli a bakin hannun rigarsa ko da shaddar ranar Juma'a ya sa. Duk Asabar zan dawo gida daga makaranta, in yi wanka, in sa atamfata mai ganye-ganye, in ɗora hijabi ruwan toka, in turara shi har Iya ta fara tari tana cewa zan kashe ta kafin lokacinta. Da an sallame la'asar sai in ji ƙarar babur ɗinsa. Shekara biyu muna haka. Ina son sa, kuma ba zan ɓoye muku ba, son da nake masa ya fi ƙarfin wayona.

To, da tsohuwa a gefe me za a ce? Shi ya sa rabin zancenmu lissafi ne. Iya takan leƙo ta ce, "Wannan miji nawa, shi zancen ma da biro yake yin sa." Sai ya yi murmushi ya ce ai don ita yake rubutawa, kada ta ce bai bar shaida ba.

Baffa kuwa haƙurinsa ya fara ƙarewa. Wata safiya ina shara a gindin dabinon tsakar gida ya kira ni, ya ce tabarmar zaurensa ta gaji. Ya ce shi ba zai zaɓa min miji ba, amma ba zai bari a mai da gidansa ajin dare ba. Kafin a ga watan azumi Mu'az ya turo magabatansa, ko kuwa ya bar masa zaure. Na gaya wa Mu'az. Ya ce kawunsa ne zai shige gaba, kawun kuma ya yi kudu da shanu, sai ruwa ya sauka za su dawo. Ruwa ya sauka. Gero ya yi kai. Da na tambaya sai ya ce kawu ya dawo da ciwon ƙafa, a ɗan ƙara masa lokaci. Ni ce nake ɗaukar waɗannan uzurori in kai wa Baffa, in gyara su a hanya, in ƙara musu gishiri. Har na ƙware.

A cikin wannan zangon ne muka shiga wani darasi da ya hana ni barci. Malam Isah, mai koya mana aljabara, da Turanci yake kiran abin null space, ya ce mu nemo masa basis. Ni kuwa in ya juya allo sai in ga kamar kaji sun yi tsere a kai. Na kawo wa Mu'az kukana ran Asabar.

Ya gyara zama ya ce in manta da Turancin. Ya rubuta layuka uku, kowanne da haruffa huɗu da ba a san ƙimarsu ba, kowane layi ya ƙare da sifili. Ya ce in na ce duk haruffan sifili ne na ci, amma wannan amsar ragwaye ce, kowa ya san ta. Abin tambaya shi ne, ban da ita akwai wasu lambobin da za a zuba a ciki kowane layi ya ba da sifili? Ya ce in haruffa sun fi layuka yawa, to amsoshin ba su da iyaka, garke ne guda.

"Ke 'yar Fulani ce," ya ce. "In an ce ki faɗi garken Baffa, ɗaya bayan ɗaya za ki lissafa? Iyayen za ki nuna, waɗanda duk sauran daga gare su suka fito. Su ake nema a nan."

Sai ya nuna min yadda ake ɗebe wani layi daga wani har harafi ya ɓace. Haruffan da aka gano ƙimarsu ta rataya a kan wasu ya kira su ɗaurarru, ya zagaye kowanne da ɗan da'ira mai jela kamar igiyar maraƙi. Waɗanda suka rage ya kira su sakakku. Ya ce a ba sakakke ɗaya lamba ɗaya, sauran sakakkun sifili, a ga abin da ɗaurarru za su zama, an samu uwa ɗaya ke nan. A sake da na gaba. Yawan sakakku, yawan iyaye.

Abin ya shiga kaina kamar an buɗe taga. Amma da na duba littafi sai na ga amsata ba ta yi daidai da tasu ba. Na ɓata rai. Ya yi dariya ya ce littafi daga hagu yake fara share haruffa, shi kuwa daga dama. Ya ce ya daɗe a makarantar allo ta mahaifinsa kafin a kai shi boko, hannunsa ya riga ya saba, ko lissafi ne daga dama yake kama shi. Ya ce garken ɗaya ne, kowa dai da shanun da ya nuna, kuma duka daidai ne.

Na tambaye shi ko ɗalibansa ma haka yake koya musu. Ya ce 'yan sakandare ba su kai nan ba. Ya ɗan saci kallon Iya, ya ga tana gyangyaɗi, sai ya rage murya.

"Ban taɓa nuna wa kowa ba sai ke. Wannan namu ne."

Ku da ake ba ku zobe da agogo, ku yi min dariya in kun so. Ni abin da aka ba ni ke nan, kuma na riƙe shi kamar zinariya. A daren nan na tsaya a jikin tankin ruwa, inda nan ne kaɗai ake samun sabis a gidanmu, da tsohuwar wayar Baffa a hannu, saƙonsa ya shigo: "Slm dalibata. Kar ki manta, daga dama. Allah ya kai mu Asabar." Na karanta shi har ya zauna min a ka.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Mashkura. Ƙawata ce, ɗakinmu ɗaya a makaranta, gadonta a saman nawa. 'Yar Jahun ce, gajeriya mai fara'a, mai son jan gyale da turare mai ƙarfi. Kwano ɗaya muke ci. Ta san Mu'az tun kafin ta gan shi, don ni na cika mata kunne da shi. Da mahaifiyarta ta yi rashin lafiya a farkon bazara, ni da hannuna na cika ƙwarya da man shanu na ba Mu'az, na kwatanta masa gidansu, na ce ya miƙa tunda gari ɗaya suke. Lissafi yana ba ta wahala. Ta taɓa roƙona in koya mata wannan darasin, na koya mata, amma irin na littafi, daga hagu. Namu ban nuna mata ba. Ko a takardar da nake gwaji, in na gama sai in yayyaga.

Na lura a zangon nan ta daina kwana a makaranta ran Lahadi, sai Litinin da safe take dawowa. Ta ce jikin mahaifiyarta ne. Na lura kuma ta daina tambayata lissafi. Na ce a raina Allah ya buɗa mata.

Ranar jarrabawa aka baza mu a babban ɗaki, ni a gaba kusa da ƙofa, ita can ƙurya ta baya. Tambaya ta uku ita ce wannan, har yau ban manta ta ba:

2x + 3y − z − w = 0
3x + 4y − 2z − w = 0
5x + 7y − 3z − 2w = 0

Ina ganinta na ji sanyi a raina. Layi na uku na farko da na biyu ne aka haɗa, ba shi da sabon zance, na share shi. Na ɗebe na farko daga na biyu, w ya ɓace, z ya zama x da y a haɗe. Na mayar, w ya zama x da y biyu. Na zagaye z da w da igiyarsu. Sakakku biyu, iyaye biyu: (1, 0, 1, 1) da (0, 1, 1, 2). Na ajiye biro ina murmushi ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

Ran Alhamis ta mako na gaba aka ce Malam Isah yana neman mu a ofis, ni da Mashkura.

Malam Isah dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya faɗa, kuma shi ya sa ake tsoronsa. Ya sa muka zauna, ya shimfiɗa takardu biyu a kan tebur gefe da gefe. Ya ce duk ajin, waɗanda suka ci tambaya ta uku amsa ɗaya suka kawo, irin ta littafi: (2, −1, 1, 0) da (−1, 1, 0, 1). Mutum biyu ne kawai suka kawo wata daban. Ya ce amsar daidai ce, don in ka haɗa biyun nan na littafi za ka samu ta farkonmu cif. Ba wannan ne ya dame shi ba. Ya juyo da takardun ya ce mu duba.

Na duba. Rubutun Mashkura ne, mai kwanciya gefe. Ta fara daga dama. Ta zagaye z da w, kowanne da ɗan da'irarsa mai jela.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Fankar sama tana juyawa amma ba na jin ta. Malam yana cewa in satar amsa ce dole ya miƙa mu gaban kwamiti, kuma mun san hukuncin, zai iya kai wa ga kora. Yana cewa ya duba wurin zamanmu ya ga akwai nisa, shi ya sa bai yanke ba tukuna. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. Addu'a nake Allah ya sa sata ta yi. Allah ya sa ta tsinci wata takardata a kwandon shara, ko ta leƙa ina barci, ta haddace ba tare da ta gane ba. Na san in haka ne ni ma ba lalle in tsira ba. Na san Baffa ya sha surutun dangi kafin ya bar ni na yi karatun nan. Duk da haka a wannan lokacin na gwammace a kore mu, mu biyun, da a ce abin da nake tsoro ne.

Malam ya ce akwai hanya mai sauƙi. Ya kai mu wani aji da babu kowa, ya rubuta sabuwar tambaya a allo, mai haruffa biyar. Ya ba ni takarda ya ce in zauna a baya in yi. Na yi, ya karɓa ya ninke. Sannan ya miƙa wa Mashkura alli.

Ta tsaya gaban allo ta daɗe. Gyalenta ja ya zame ta gyara. A raina ina cewa, tsaya nan, kada ki iya, don Allah kada ki iya.

Sai ta ɗaga hannu ta kai shi can ƙarshen dama.

Ba ta yi gargada ba ko sau ɗaya. Ta ɗebe, ta share, ta zagaye. Har yadda take ɗan karkatar da kai kafin ta ja jelar da'irar, nasa ne. Malam ya tambaye ta me waɗannan zagaye-zagayen suke nufi. Ba ta juyo ba, muryarta can ƙasa ta ce, "Ɗaurarru ne, Malam. Waɗannan kuma sakakku."

Malam Isah ya buɗe takardata, ya dubi allo, ya sake duban takarda. Sai fuskarsa ta saki, ya yi dariyar jin daɗi irin ta mutumin da aka sauke wa kaya.

"Alhamdu lillahi. Babu sata a nan, duk kun iya. Malami ɗaya gare ku, shi ke nan. Ku tafi, kuma in kun gan shi ku ce ina gaishe shi, ya iya koyarwa."

Haka aka wanke ni. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan wankewar ba.

A gindin darbejiyar bayan ajin na tsaya, ita ma ta tsaya, alli har yanzu a yatsunta. Ban yi ihu ba, ban zage ta ba, ƙarfin yin haka ma babu. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar man shanu. Ta ce da farko gaisuwa ce kawai yake zuwa yi wa mahaifiyarta, sai ya ga littafinta, sai ya fara zuwa ran Lahadi. Tana magana tana kuka, tana cewa ta rasa ta inda za ta fara gaya min, shi kuma ya yi ta cewa ta bari zai faɗa min da bakinsa.

Na ce, "Ya faɗa min me?"

Ta sunkuyar da kai tana murza allin har ya zama gari.

"Kawunsa ya zo gidanmu, Hadiyya. Da goro. Tun da shanu suka dawo."

Kawun da ni nake kai wa Baffa labarin ciwon ƙafarsa. Har magani Iya ta haɗa, saiwoyi da man shanu, na ba Mu'az ya kai masa.

Ban kwana a ɗakin ba, na kwashe 'yan kayana na shiga motar Dutse. Duk hanya ina kallon gonaki, an fara yankan gero ana jingina shi, mutane suna ta harkarsu. Da na isa gida na ce kaina ke ciwo, na shige ɗaki. Juma'a ta wuce ban ci abin kirki ba. Iya ta kawo fura ta dama da kanta, ta zauna bakin gado tana kallona. Da yamma na je jikin tanki, ba don ina so ba, ƙafata ce ta kai ni. Saƙo ya shigo: "Slm dalibata. Ya sakamako? Gobe in sha Allah bayan laasar." Ashe ba ta gaya masa ba. Ita ma ta bar shi ya zo ya ji da kunnensa, ko kuwa tsoro ne ya hana ta, oho.

Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na kashe wayar.

Ran Asabar da azahar Baffa ya dawo daga masallaci ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ya ce Sha'aban ya raba, kuma yau ba Iya ce za ta zauna a zaure ba, shi ne. Zai tambayi yaron nan da bakinsa, in ƙafar kawun ce matsala shi zai ɗauki mota ya je ya gaishe shi har gida. Ya ce, "Ko akwai abin da ya kamata in sani kafin ya zo?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma na dubi fuskarsa, mutumin da ya yarda da duk abin da na kawo masa shekara biyu saboda ni na kawo, sai na fasa. Na ce babu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tafi.

Ban sa atamfa mai ganye ba. Ban kunna turare ba. Hijabin sallata na zura a kan rigar da na wuni da ita. Iya ta gan ni zan fita haka, ta ajiye carbinta, ta tashi da ƙyar ta biyo ni, ko da yake an ce yau ba ranarta ba ce. Ta zauna a bakin ƙofar cikin gida inda za ta ji komai.

Aka sallame la'asar. Baffa ya zauna a kan buzu ya miƙe ƙafa. Ni ina ƙarshen tabarma, hannuwana a cikin hijabi. Can sai ga ƙarar babur, wadda a da nake ganewa tun daga kwanar layi, zuciyata ta yi tsalle. Yau ma ta yi tsallen, abin haushi.

Ya yi sallama. Shadda ruwan ƙasa ce a jikinsa, da farin alli a bakin hannu. Ganin Baffa ya ɗan razana, ya durƙusa daga waje ya gaishe shi, Baffa ya amsa ya ce ya shigo. Ya miƙe ya fara cire takalmi, sai ya dube ni da murmushin nan nasa, yana neman abin da zai sassauta wurin.

"Ɗalibata, yaya jarrabawa? Kin dai fara daga dama ko?"

Na ɗago na dube shi. Muryata ta fito a hankali, har ni kaina na yi mamakin yadda ba ta karye ba.

"Na fara. Mu biyu muka fara daga dama a duk ajin, ni da Mashkura. Malam ya ce a gaishe ka."

Ya tsaya a bakin zaure, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Baffa ya dube shi, ya dube ni, sannan ya janye ƙafafunsa ya gyara zama.

"Wace ce Mashkura?" in ji Baffa. Ba ni ya tambaya ba.